Yadda Na Jera Masana da Ƙirge, Na Zubar da Dattijo

Shekarun baya kaɗan, wata ƙungiya ta 'yan boko 'yan asalin Ikara da Maƙarfi da Kudan ta ƙudiri niyyar karrama 'ya'yan yankin da suka yi fice a binciken kimiyya. Guraben kaɗan ne, masu cancanta kuwa da yawa, kuma kowa ya san yadda irin wannan zaɓe yake ƙarewa a wurinmu: wane ɗan gidan sarauta ne, wane surukin shugaba ne, su wane garinsu bai samu komai ba bara. Don a kauce wa haka sai aka ce a nemo ma'aunin da bai san fuskar kowa ba. Da yake ina ɗan rubuce-rubuce a kan harkar ilimi, ni aka ɗora wa aikin. Na karɓa da rawar jiki, domin a tunanina ma'aunin yana nan cikin wayata.

Abin da na dogara da shi shi ne ƙirgen ambato. Duk mai bincike idan ya rubuta maƙala, a ƙarshenta yakan jera ayyukan da ya jingina da su, kuma duk wanda sunansa ya fito a wannan jeri an ambace shi ke nan sau ɗaya. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya mayar da wannan ƙirge sana'a, inda a 1964 ya fara fitar da kundin da ke nuna wa ya ambaci wa a mujallun kimiyya. A 2004 shafin Google Scholar ya kawo abin hannun kowa kyauta. Shekara guda bayan haka wani masanin fiziya a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya fito da lambar da ake kira da harafin farko na sunansa. Lissafinta ba wuya: idan lambar mutum goma ce, to yana da maƙala goma waɗanda kowace aka ambace ta aƙalla sau goma. Na ɗauki waɗannan biyun, na ƙara da na uku na ƙashin kaina, wato yawan masanan ƙasashen waje da mutum ya yi rubutu tare da su. Wannan na ukun na sa masa suna haɗin gwiwa, na kuma ba shi maki mai tsoka.

Har yanzu ba na ganin ambato baƙon abu ne a gare mu. Malaman zaure da shi suke rantsuwa. Malam Abdullahi na Gwandu littafi sukutum ya rubuta, Ida'un Nusukh, don lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, kuma almajirin da bai iya faɗin inda ya samo magana ba ba a sauraronsa a majalisi. Amma malaman hadisi ba su taɓa tsayawa a ƙirga masu ruwaya ba. Sukan bi su ɗaya bayan ɗaya su tambayi wane ne wannan, yaya riƙonsa, ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga bakinsa ko kuwa. Wannan sashe na aikin ne na tsallake.

Jerin ya fito tsaf. A sama akwai wani matashin likita da ke koyarwa a wata jami'a, ambatonsa dubbai, abokan rubutunsa daga nahiyoyi daban-daban. A can ƙasa akwai wani dattijo masanin noma da ya daɗe da yin ritaya, wanda lambarsa ko goma ba ta kai ba, abokan rubutunsa kuma duk sunayen gida ne. Na ja layi a inda guraben suka ƙare, dattijon ya faɗa ƙarƙashin layi da nisa. Aka buga sunaye a takardar gayyata, aka yi taro, aka ci aka sha, aka yaba mini da cewa wannan karon babu son kai.

Kawuna ne ya fara tayar mini da hankali. Manomin rake ne a fadamun Maƙarfi, bai yi boko ba, amma an kai masa takardar ya sa jikansa ya karanta masa. Da na je gaishe shi, bayan an gama tambayar gida da iyali, sai ya ce, "Kai kuwa ɗan nan, an ce kai ka zaɓo masu ilimin ƙasar nan. Ina sunan Malam?" Na ce wane Malam, Kawu? Ya ambaci dattijon. Na fara yi masa bayanin lambobi, ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To ni dai ban san waɗannan ba, Allah ya ƙara musu. Amma shi wannan, a gonata ya kafa turakunsa. Yadda nake zaɓen karan da zan dasa, da yadda nake gane wanda cuta ta kama in tuge shi in ƙone tun bai shafi sauran ba, a bakinsa na ji. Ka je Hunƙuyi ka tambaya, ka je Likoro." Na yi shiru, amma a zuciyata cewa nake wannan ai aikin malamin gona ne, ba bincike ba.

Wannan tunanin ma kuskure ne, kuma sai da na je gidan dattijon na gane. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah ya gafarta Malam, na zo neman afuwa ne." Ya yi dariya ya ce bai ma san an yi taron ba sai daga baya, ya sa aka kawo mini ruwa. Da hira ta yi nisa sai ya aika aka ɗauko wani tsohon akwatin ƙarfe. A ciki akwai littattafan rubutu na shekara da shekaru, kowane shafi da sunan gari, da sunan mai gona, da ranar shuka, da irin da aka sa, da takin da aka zuba, da abin da aka auna ranar girbi. An raba kowace gona gida-gida, an maimaita gwaji a gonaki daban-daban don kada sa'ar ƙasa ɗaya ta ruɗi mutum. Bincike ne cikakke, da duk ƙa'idojinsa. Abin da ya fito daga ciki kuwa ya tafi ne cikin rahotannin shekara-shekara, da ƙasidun taron masana na cikin gida, da 'yan takardun wayar da kai da aka buga da Hausa, da shirye-shiryen manoma a rediyo. Duk waɗannan, injin da ke ƙirga ambato bai san da zamansu ba.

A nan ne ya kamata in tsaya tun farko in tambayi kaina: su wa ke yin ambaton? Masu rubuta maƙala ne kawai, kuma mafi yawa da Turanci, a mujallun da manyan rumbuna irin su Scopus suka yarda su lissafa. Manomi ba ya ambato. Mai yin mazarƙwaila ba ya ambato. Malamin gona da ya ɗauki sakamako ya kai ƙauye hamsin a kan babur, shi ma ba ya ambato. Tashar binciken noma ta Samaru tun 1922 take aiki, kafin ta zama cibiya a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma ɗimbin abin da masananta suka gano a shekarun farko a cikin mujallunta da ƙasidunta na gida aka buga shi. Wanda ya yi ƙuruciyarsa ta aiki kafin zuwan intanet, yana rubutu a irin waɗannan wurare, idan ka neme shi a waya yau sai ka ɗauka barci ya yi ta yi.

Akwai kuma girman fage. A 2016 tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta share gonaki a arewa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, kwando ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Mutanen Ikara ba sai an ba su labari ba. Wannan tsutsa daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifen a 2006, ta bazu Turai da Afirka da Asiya. Saboda haka masana ɗaruruwa ne ke aiki a kanta a duniya, kuma duk wanda ya rubuta maƙala mai kyau a kanta yana da ɗaruruwan masu ambatonsa. Amma masana nawa ne a duniya ke nazarin raken sha na fadamar ƙasar Zazzau? Ko da mutum ya gano abin da ya ceci noman gari guda, waɗanda za su ambace shi ba su cika tabarma ɗaya ba. Lambar tana gaya maka yawan jama'ar da ke kasuwar da mutum ya kasa hajarsa, ba lallai ta gaya maka ingancin hajar ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ma'aunina na uku, domin shi ba daga Garfield ko Hirsch na aro shi ba, ni na ƙirƙiro. Na ɗauka haɗin gwiwa shi ne sunan Bature kusa da naka. Alhali tarihin binciken noma a wannan yanki namu ya riga ya nuna wani abu dabam. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma ɗan Birtaniya, David Norman, ya zo Samaru. A lokacin, abin da masana suka tafi a kai shi ne manomin Bahaushe yana ɓata gonarsa da cakuɗa gero da dawa da wake da gyaɗa wuri ɗaya, gara a koya masa shuka abu guda tsantsa. Norman da abokan aikinsa suka zaɓi ƙauyuka uku, Hanwa a bakin Zariya, da Ɗan Mahawayi, da Doka da ke kan hanyar Zariya zuwa Kano, suka zaunar da ma'aikata suna bin magidanta suna rubuta aikin da aka yi a kowace gona da abin da aka samu. Da aka tattara lissafi sai ya nuna manoman ne ke da gaskiya: haɗa shuka yana ba da riba mai kyau a kan ƙasa da kuma ƙwadago a lokacin da hannu ya fi ƙaranci, yana kuma rage kasadar tashi a tutar babu idan damina ta yi gardama. Maƙalarsa ta 1974 a kan wannan ta zaga duniya, ta zama ɗaya daga cikin tushen salon binciken da ke farawa da fahimtar tsarin manomi kafin a kawo masa gyara.

Norman ya samu ambato mai yawa, kuma ya cancanta. To amma ilimin na wa ne? Magidantan Doka da suka haƙura da tambayoyi damina da rani, da ma'aikatan da suka zauna a ƙauye suna cike takardu, su ne abokan aikin na haƙiƙa, kuma babu shafin da zai nuna maka lambarsu. Akwatin dattijon nan cike yake da irin waɗannan abokan aiki, da sunayensu da garuruwansu, ni kuwa na rubuta masa sifili a gurbin haɗin gwiwa.

Sai kuma wanda na ɗora a sama. Shi ma na neme shi daga baya, kuma ya burge ni da gaskiyarsa. Ya ce, "Yaya, ai da ka tambaye ni tun farko da na faɗa maka." Mafi yawan ambatonsa daga wasu manyan rahotanni ne na ƙididdigar cututtuka a duniya, irin waɗanda wata cibiya a birnin Siyatil na Amurka ke jagoranta ana bugawa a mujallar Lancet, inda maƙala guda kan ɗauki sunayen mutum ɗaruruwa. Ya ba da gudummawa, ya duba alƙaluman da suka shafi Najeriya, ya yi gyara. Amma duk lokacin da wani a duniya ya ambaci rahoton, injin yakan rubuta wa kowane ɗaya daga cikin ɗaruruwan nan ambato cikakke, kamar shi kaɗai ya yi aikin. Haka kuma duk sauran sunayen suka zama abokan rubutunsa a lissafina, alhali yawancinsu ko muryarsu bai taɓa ji ba. A fannin fiziya ma, a 2015 an buga maƙala guda mai marubuta 5,154. Ayyukan da shi likitan yake alfahari da su, waɗanda ya yi da hannunsa a asibitocin karkara, ambatonsu kaɗan ne, kuma ban ko buɗe su ba.

Haɗin gwiwa na gaske yana nan, ana kuma iya gane shi, domin kowa kana iya nuna abin da ya kawo. Irin waken nan SAMPEA 20-T da aka saki a ƙarshen 2019, mai jure wa tsutsar da ke huda kwanson wake, misali ne: masana a Ostireliya suka yi aikin ɗakin gwaji, wata gidauniyar fasahar noma da ke Nairobi ta haɗa ɓangarorin, Farfesa Mohammad Ishiyaku da tawagarsa a Samaru suka shigar da halin cikin irin da manomanmu suka sani, suka yi shekaru suna gwaji a gonaki. Mutum yana iya samun ra'ayinsa game da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, muhawarar tana nan da ranta, amma ba zai ce bai ga hannun kowa a aikin ba. Haka buhun nan mai ruɓi uku da ake adana wake a ciki ba tare da magani ba, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, ƙwaro ya rasa iska ya mutu. Larry Murdock na Jami'ar Purdue da masana a arewacin Kamaru suka faro shi, masana irin su Ibrahim Baoua na Maraɗi suka gwada shi a ƙasar Hausa, aka fara yaɗa shi gadan-gadan daga 2007, har aka riƙa ƙera shi a Kano. Idan kana son sanin tasirin wannan aiki, rumfar mai sayar da buhu a kasuwar hatsi za ta ba ka amsar da ta fi ta waya.

Da na koma karatu sai na tarar su kansu masu abin sun daɗe da yin kashedi. A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu ɗari da aka fi ambata a tarihi. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, a kan wata hanya ta auna sinadarin furotin, an ambace ta fiye da sau 300,000, saboda duk wanda ya yi amfani da hanyar dole ya ambace ta. Maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar ƙwayar gado ta kuma sauya ilimin halittu gaba ɗaya, ba ta shiga ɗarin ba. Ana kuma ambaton mutum don a ƙaryata shi: maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 da ta jingina wata allurar rigakafi da larurar ƙwaƙwalwa a yara, mujallar da ta buga ta ta janye ta a 2010, amma ambatonta ya fi na dubban ayyuka nagari. A 2010 ɗin dai wani masani a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri marubucin bogi ya sa kwamfuta ta rubuta masa maƙalu marasa ma'ana masu ambaton juna, sai ga shi a Google Scholar ya zarce Einstein. A ƙarshen 2012 masana suka tsara wata sanarwa a kan yadda ake auna bincike a San Faransisko, a 2015 kuma wasu suka fitar da ƙa'idoji goma da aka sani da sunan birnin Leiden, kuma ƙa'ida ta farko a cikinsu ita ce alƙaluma su taimaka wa hukuncin masana ne, kada su maye gurbinsa. Akwai ma wadda ta yi maganar kare binciken da ke da muhimmanci ga mutanen wuri. Duk wannan yana nan a buɗe lokacin da nake jan layina.

Bayan wannan na ɗan yi wani zamani ina zagin lambobi a duk inda na zauna, kuma wannan ma wauta ce. Dattijon da kansa ne ya taka mini birki. Ya ce da a zamaninsu an matsa musu su buga ayyukansu a inda duniya za ta gani, da yanzu matasa ba sa maimaita gwajin da aka gama tun kafin a haife su. Ya ce akwai abokan aikinsa da suka fake da cewa su na manoma ne, alhali ba su yi wa manoman komai ba, ba su kuma rubuta komai ba. Gaskiya ne. Wanda ya shekara ashirin a jami'a babu wanda ya taɓa jingina da aikinsa, a waje ko a gida, akwai tambayar da ya kamata ya amsa. Kuma ƙungiyar ba ta yi laifi ba da ta nemi tsira daga son kai. Masanin lissafi ko na sinadarai ɗan Kudan ba shi da manomin da zai tsaya masa shaida, shaidunsa su ne takwarorinsa, kuma ambato hanya ce ta jin muryarsu, matuƙar an kwatanta shi da 'yan fanninsa, an cire inda ya ambaci kansa, an kuma duba ko mujallun na kirki ne ko irin waɗanda ake biya yau a buga gobe.

Na rubuta wa ƙungiyar takarda na bayyana inda na yi ɓarna, na nemi a karanta ta a taro, aka karanta. Ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu suka ce na buɗe ƙofar da aka sha wuya kafin a rufe, domin da zarar an ce a saurari shaidar mutane, to mai dangi da yawa ya ci. Ban raina wannan magana ba. Abin da aka tsaya a kai shi ne kowane ɗan takara ya kawo ayyuka uku kacal da ya fi alfahari da su, ya faɗi abin da shi da kansa ya yi a kowane, a ba masana biyu na fanninsa da ba 'yan yankin ba su karanta. Idan ya ce aikinsa ya isa gona ko asibiti, ya faɗi garin, a tura mutum ya je ba tare da shi ba. Lambobin suna nan a takardar, amma a shafi na biyu, kuma an daina haɗa likita da masanin noma a jeri ɗaya. Gurbin da na kira haɗin gwiwa an sake masa tambaya: da wa ka yi aiki, me ya kawo, me ka kawo.

Tsarin ya fi tsada, ya fi cin lokaci, kuma a zagaye na gaba sai da aka yi rigima a kan wa zai biya kuɗin man waɗanda za a tura ƙauyuka. An sa sunan dattijon a wannan karon, amma jiki ya riga ya yi nauyi, ɗansa ne ya zo ya karɓa. Littattafan akwatin kuwa wata ɗaliba 'yar Ikara da ke digiri na biyu ta nemi izini ta fara shigar da su kwamfuta, tana so ta ga yadda ranakun shuka suka motsa a fadamun Maƙarfi da Kudan tsakanin zamaninsa da yanzu.